Ɗan Kokowa, Duba Rumbu da Garka Kafin Ka Sayi Bitamin

A ƙasar Damagaram, kokowa ɗiyar kaka ce. Sai an yanke gero, an ɗaure dammuna, an cika rumbuna, sannan ganga take tashi, samarin wannan gari su je su gwada ƙarfi da na wancan. Kakanninmu ba su tsai da wannan lokaci a banza ba. Sun san cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tun shekarar 1975, lokacin da aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, inda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya zama sarkin kokowa, wannan wasa ya ƙara daraja. A gasar takobin ƙasa, kowace jiha daga cikin jihohi 8 tana kawo ƴan kokowa 10. Babban filin kokowa na birnin Zinder yana ɗauke da sunan Langa-Langa, kuma duk yaron da ya fara kokowa a dandalin garinsu yana fatan wata rana ya shiga wannan fili. Ban da kokowa, samarinmu suna yin dambe, wasu kuma suna koyon judo da tekwando da damben zamani.

Sai dai wani sabon abu ya shigo. A kasuwanni da tashoshin mota ana tallar ƙwayoyi da siro da gari cikin gwangwani, an manna masu hoton ƙato mai murɗaɗɗen jiki. Ana cewa bitamin ne, wai wanda ya sha ba ya gajiya, kuma ba ya shan kaye. Samari da yawa suna zuba kuɗin guminsu a wurin. Wasu suna asarar kuɗi kaɗai, wasu kuwa har da lafiyarsu.

Ga maganarmu a taƙaice: ƙwayar bitamin ba ta ƙara wa mutum ƙarfi sai in jikinsa ya rasa abin da ke cikinta. Don haka a fara sanin abin da jiki ya rasa. In an sani, a neme shi cikin abinci. In abinci ya kasa, sannan a sayi magani, da takardar likita, kuma a karanta abin da aka rubuta a kwali.

Mene ne bitamin, mene ne ma'adinai?

Abincin da muke ci yana yi wa jiki aiki iri uku. Akwai mai ba da ƙarfin aiki, kamar gero da dawa da shinkafa da mai. Akwai mai gina tsoka, kamar wake da nama da madara da ƙwai da gyaɗa. Akwai kuma mai tsaron jiki da daidaita aikinsa, shi ne bitamin da ma'adinai.

Bitamin iri 13 ne, an raɗa masu suna da baƙaƙen boko: A, da dangin B guda 8, da C, D, E da K. Ma'adinai kuwa abubuwa ne da tsiro yake tsotsowa daga ƙasa, mu kuma mu same su a cikin abinci. Daga cikinsu akwai sinadarin ƙarfe, da zinki, da kalsiyom, da iyod wanda wasu ke kira aidin, da gishiri.

Jiki yana buƙatar waɗannan abubuwa kaɗan ƙwarai. Ana auna yawancinsu da miligiram, kuma sai an tara miligiram 1000 ake samun giram 1. Namiji baligi yana buƙatar kimanin miligiram 8 na sinadarin ƙarfe a rana, da miligiram 11 na zinki. Mace mai jinin al'ada tana buƙatar kimanin miligiram 18 na ƙarfe.

Manomi ya fi kowa gane wannan magana. Gonar da ta gaji, in an zuba mata taki sai ta farfaɗo. Amma in aka tula takin zamani a gindin shukar da ba ta buƙata, sai ya ƙone ta. Haka bitamin yake a jikin mutum.

Yawancin dangin B da bitamin C ba sa daɗewa a jiki. Abin da ya yi saura yana fita cikin fitsari, shi ya sa wanda ya sha irin wannan ƙwaya yakan ga fitsarinsa ya yi rawaya sosai. Ke nan kuɗinsa ne yake zubarwa a bayan gida. Su kuwa bitamin A, D, E da K suna taruwa a hanta da kitsen jiki. In A ko D suka yi yawa, suna zama guba.

A fara da auna jini

Ƙorafin da aka fi ji a bakin ƴan kokowa shi ne saurin gajiya: mutum ya kama abokin karawarsa, kafin a jima haki ya taso masa, ƙafafu su mutu, jiri ya ɗebe shi. Sau da yawa dalilin shi ne ƙarancin jini. Jini ne yake ɗaukar iska daga huhu ya kai wa tsoka, kuma da sinadarin ƙarfe jiki yake ƙera jan jinin da ke wannan aiki.

Alamomin ƙarancin jini su ne: cikin fatar ido ya yi fari, tafin hannu ya koɗe, zuciya tana bugawa da sauri, ga kasala da ciwon kai. Amma ido kaɗai ba ya yanke hukunci. A je asibiti a nemi a auna jini. Ɗigo ɗaya ake ɗauka a ɗan yatsa. In awon ya nuna ƙasa da 13 ga namiji, ko ƙasa da 12 ga mace marar ciki, to akwai ƙarancin jini.

Bayan haka sai a nemi dalili, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙasarmu manyan dalilai su ne waɗannan:

1. Zazzaɓin cizon sauro, wanda yake farfasa ƙwayoyin jini. Ya fi yawa a damina da farkon kaka, wato daidai lokacin da ƴan kokowa suke fara shiri.
2. Tsutsar ciki mai shan jini, wadda take shiga ta fatar ƙafa in ana yawo ba takalmi a ƙasa mai laima da ƙazanta.
3. Tsargiya, wato fitsarin jini, da ake ɗauka wajen wanka ko aiki a cikin tafki.
4. Rashin cin abinci mai sinadarin ƙarfe.
5. Amosanin jini, ciwon da ake gado daga iyaye.

Wanda tsutsa ko tsargiya take shan jininsa, in ya tsaya ga ƙwayar ƙarin jini kaɗai, kamar mai zuba ruwa ne a tulu mai yoyo. Sai an kashe tsutsar, an yi maganin tsargiyar, an kwana cikin gidan sauro. Mai amosanin jini kuwa kada ya sha ƙwayar ƙarfe sai likita ya ce, domin sau da yawa ƙarfe ya riga ya yi yawa a jikinsa.

In likita ya rubuta ƙwayar ƙarfe, a sha yadda ya faɗa har a gama, galibi wata 3 ne, sannan a koma a sake awo. Tana sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma kada namiji ya ɗauki ƙwayar da aka ba matarsa mai ciki a wurin awo. Kowace ɗaya tana da miligiram 60 na ƙarfe, wato ya ninka buƙatar namiji fiye da sau 7. Shi bai ƙaru ba, ita kuma da jaririnta ya tauye su.

Rumbu da garka sun riga kwalba

A shekarar 2018, masanan da kwamitin wasannin Olamfik na duniya ya tara sun fitar da shawara a kan irin waɗannan magunguna. Abin da suka tsayar shi ne ɗan wasa ya fara gyara cin abincinsa, kuma a duba lafiyarsa kafin ya sha wani ƙari. Wannan shawara ba ta fi ƙarfinmu ba, domin Allah ya hore wa ƙasarmu abubuwan da ake buƙata. Ga su:

Sinadarin ƙarfe: hanta, jan nama, kilishi, kifi, wake, gero, riɗi, ganyen zogale da na wake. Wanda ke cikin nama ya fi saurin shiga jiki. Fara ma tana da amfani, in an tabbata ba a yi mata feshin magani ba.

Zinki, mai taimaka wa rauni ya warke: nama, gero, wake, gyaɗa da ƙuli-ƙuli.

Kalsiyom, mai ƙarfafa ƙashi: nono, madara, cuku, miyar kuka, da ƙananan kifi da ake ci har da ƙayarsu.

Bitamin A, mai tsare ido daga dundumi: hanta, ƙwai, man shanu, manja, karas, kabewa, mangwaro, gwanda, dankali mai jan ciki da koren ganye. Hanta sau ɗaya a mako ta isa.

Bitamin C: gwaba, lemun tsami, lemun zaƙi, tumatir, tattasai, da garin ƴaƴan kuka. Gwaba ɗaya babba ta biya buƙatar yini.

Bitamin B12, wanda shi ma yake taimakawa wajen ƙera jini: ba a samunsa sai a abin da ya fito daga dabba, wato nono, ƙwai, nama da kifi. Fura da nono ba abincin rainawa ba ne.

Bitamin D: fatar mutum ce take yin shi in rana ta taɓa ta. Wanda yake noma ko horo a fili da wuya ya buƙaci sayensa.

Iyod, mai hana maƙoƙo: gishirin da aka rubuta « sel iodé » a buhunsa.

Mai shiga Kasuwar Dole da jika biyar a aljihu, in ya sayi wake da gyaɗa da ƴan ƙwai da tsinken hanta da lemun tsami, ya fi wanda ya kai kuɗin ga kwalba ɗaya riba. Garake na Miriya da Gidimuni da fadamun wajen Matamai da Magariya suna fitar da kayan lambu a lokacin sanyi, daidai lokacin manyan gasa. Ɗan kokowa manomi da ya kama noman rani, ya dasa zogale a bayan gida, ya samu bitamin ɗinsa ba tare da ya biya kowa ba.

Akwai kuma albishir ga masu noman gero. A shekarar 2018 aka fitar da wani irin gero a Nijar mai suna Chakti, aikin masu binciken noma na ICRISAT da na INRAN. Yana nuna da wuri, kuma yana ɗauke da kimanin miligiram 65 na ƙarfe a kowane kilo, alhali irin da aka saba shukawa yana da kusan 47. A tambayi malamin gona.

A kasuwa kuma, man girki da garin alkama masu alamar « Enrichi » an ƙara masu amfani tun daga masana'anta: man yana da bitamin A, garin yana da ƙarfe.

Dabarun madafa guda huɗu

Ba cin abu kaɗai ba ne, sai jiki ya iya ɗaukarsa. Ga abin da uwargida da mai gida za su kula da shi:

1. A haɗa wake ko tuwo da abu mai bitamin C. Matsa lemun tsami ko yanka ɗanyen tumatir a kan abinci yana taimaka wa ƙarfen da ke cikin hatsi da wake ya shiga jini.
2. A raba shayi da abinci. Shayi yana riƙe ƙarfe a cikin hanji, ya hana shi shiga jini. Samarin da suka saba dafa shayi a fada da zarar an gama cin abinci, su jinkirta awa ɗaya ko biyu.
3. A jiƙa hatsi da wake kafin a dafa. Geron da ya kwana a ruwa ya ɗan yi tsami, kamar na koko, ya fi sakin ƙarfe da zinki.
4. A rage kanwa, kuma kada a dafa ganye har ya mutu. Yawan kanwa da dogon dahuwa suna lalata bitamin C da wasu dangin B. A sa wa ganye ɗan mai ko ƙuli-ƙuli, domin bitamin A yana buƙatar maiƙo kafin ya shiga jiki.

Ruwa da gishiri

Ma'adinin da ɗan kokowa ya fi zubarwa kullum shi ne gishiri, ta hanyar gumi. A watan Afirilu da Mayu zafin Damagaram yana wuce digiri 40. Mai horo a irin wannan lokaci yana iya zubar da lita 1 ko fiye na gumi a awa ɗaya, kuma kowace lita tana tafiya da kimanin giram 2 na gishiri.

Wanda yake da ma'auni ya hau kafin horo da bayan horo. Kowane kilo 1 da ya ragu, kusan lita 1 ce ta ruwa ta fita. A mayar da lita 1 da rabi a hankali cikin ƴan awoyi. Mutum mai kilo 80, in ya rasa kilo 1 da rabi na ruwa, ƙarfinsa ya fara raguwa ke nan. Wanda ba shi da ma'auni ya duba fitsarinsa: in ya yi kaɗan kuma ya yi ja, jiki yana neman ruwa.

In horo bai wuce awa ɗaya ba, ruwa mai tsabta da abincin gida sun isa. In ya yi tsawo cikin zafi, ana iya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri. Kada a zarce wannan awo. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya tambayi likita tukuna.

Abin sha na gwangwani da ake kira mai ƙara kuzari ba ya maye gurbin ruwa. Sukari ne da sinadarin da ke cikin kofi da goro. Yana hana barci, yana sa zuciya bugawa, alhali kuwa cikin barci ne tsoka take warkewa.

In ya zama dole a saya

Akwai waɗanda ƙarin bitamin ko ma'adinai yake yi wa amfani da gaske: wanda awo ya nuna jininsa ya yi ƙasa, wanda ya tashi daga doguwar jinya, yarinya ƴar wasa mai zubar da jini da yawa a al'adarta, da wanda ya daɗe ba ya samun nama ko nono. Ga irin waɗannan, nan ne karatun da muka koya zai yi rana. A duba abubuwa 7:

1. Wurin saye. A saya a farmasi ko a kantin magani na asibiti. Maganin da ya wuni a rana a kan tire ya lalace ko da na gaske ne. A shekarar 2017, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu tasowa, 1 daga cikin magunguna 10 jabu ne ko marar inganci.
2. Sunan abin da ke ciki. Kwali na gaskiya yana faɗin suna da yawan kowane abu. « Fer » shi ne ƙarfe, « mg » shi ne miligiram. Kwalbar da ta cika da alkawari amma ba ta faɗi abin da ke cikinta ba, a bar ta.
3. Yawan awo. In ba likita ne ya rubuta ba, kada baligi ya wuce miligiram 45 na ƙarfe ko miligiram 40 na zinki a rana. A zaɓi wanda awonsa yake kusa da buƙatar yini. Wanda ya ninka ta sau 10 bai fi kyau ba.
4. Ranar lalacewa. A nemi baƙaƙen « EXP ». In an rubuta 08/2027, ma'anarsa magani yana aiki har ƙarshen wata na 8 na shekarar 2027. In an kankare wurin ko an manna wata takarda a kai, kada a saya.
5. Sunan masana'anta da lambar kaya, wadda ake rubuta « Lot » a gabanta. Kayan da suka fito daga Najeriya suna ɗauke da lambar hukumar NAFDAC. Rashinta alamar haɗari ce, amma samunta kaɗai bai isa shaida ba, don ƴan jabu suna kwaikwayonta.
6. Marfi da leda. In an taɓa buɗewa, ko ƙwayoyin sun canja launi, ko sun manne da juna, a mayar.
7. Abu ɗaya a lokaci ɗaya. Mai shan siro da ƙwaya da gari a tare yana iya tara abu guda sau uku bai sani ba.

A ajiye magani a wuri mai sanyi, inda hannun yaro ba ya kai. Ƙwayar ƙarfe tana kama da alewa, kuma in ƙaramin yaro ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi.

Haka nan ƙwayar bitamin A da ake ɗiga wa yara a lokacin rigakafi ba ta manya ba ce. Ja ɗin, ta yara masu shekara 1 zuwa 5, tana ɗauke da abin da ya fi buƙatar namiji baligi ta wata 2. Yawan bitamin A yana kawo ciwon kai da amai, yana ɓata hanta, kuma yana iya nakasa ɗan da ke cikin ciki. Abincin leda da ake ba yara masu tamowa shi ma maganinsu ne. Ƙaton da ya saye shi ya ci, ya ci haƙƙin yaro marar lafiya.

Abin da ake kira bitamin alhali ba shi ba ne

Wannan shi ne babban haɗari. Akwai magunguna da ake sayar wa samari da sunan bitamin ko maganin ƙarfi, alhali wani abu ne dabam.

Na farko, deksametazon da danginsa, da ake sha don a yi ƙiba. Yana kumbura fuska da ciki, amma ruwa ne da kitse. Tsokar cinya da ta dantse raguwa take yi, ƙashi ya yi rauni, hawan jini da ciwon sukari su samu ƙofa. Wanda ya daɗe yana sha kada ya bari rana ɗaya, ya je likita ya rage masa a hankali.

Na biyu, siro da ƙwayoyin buɗe ciki masu sa yawan ci. Da yawansu suna da maganin da ke sa barci da sanyin jiki. Ɗan kokowa kuwa da zafin nama yake cin abinci.

Na uku, tiramol. Ba ya ƙara ƙarfi, ɓoye ciwo yake yi. Mutum ya gurɗe ko ya tsage ƙashi, ya ci gaba da kokowa bai ji ba har abin ya ɓaci. Yana kama mutum ya kasa bari, kuma yana kawo farfaɗiya.

Na huɗu, ƙwayar sa fitsari, da wasu masu judo da tekwando da damben zamani suke sha don su rage nauyi kafin a auna su. Tana kwashe ruwa da gishirin jiki, tana wahalar da ƙoda da zuciya.

Na biyar, allurar ƙarfi da ake yi a gida ko a bayan shago. Wanda yake iya ci da sha ba ya buƙatar bitamin ta allura. Allura marar tsabta tana kawo ƙurji mai zurfi, in kuma an yi wa mutum biyu da ita tana yaɗa ciwon hanta da sida.

Jiƙon da ake sayarwa a cikin gora ba suna, shi ma a yi hattara da shi, domin ba wanda ya san abin da aka narka a ciki sai wanda ya haɗa.

Dokar wasanni ta duniya

Hanyar da ta tashi daga dandalin ƙauye tana iya kaiwa nesa. A shekarar 1972, Isaka Dabore ya ciyo wa Nijar lambar tagulla a damben zamani a wasannin Olamfik na Munik, ƙasar Jamus. A 2016, Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo ta azurfa a tekwando a birnin Riyo na ƙasar Barazil, kuma a 2017 ya zama zakaran duniya. A irin waɗannan manyan wasanni ana auna fitsari da jinin ƴan wasa.

Hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni, wadda ake kira AMA da Faransanci, an kafa ta a shekarar 1999. Dokarta ita ce: duk abin da aka samu a jikin ɗan wasa, shi ne da alhakinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Tun ranar 1 ga Janairu 2024, tiramol ya shiga cikin abubuwan da aka hana a lokacin gasa. Ƙwayar sa fitsari kuwa an hana ta a kowane lokaci.

Kada a ɗauka kayan Turai sun tsira. Wani ɗakin bincike a birnin Kolon na Jamus ya auna kayan ƙarin kuzari iri 634 da aka sayo daga ƙasashe 13. Sakamakon da aka buga a shekarar 2004 ya nuna 94 daga cikinsu suna ɗauke da haramtattun sinadarai masu kumbura tsoka, waɗanda ba a rubuta a kwali ba. Wato kusan 15 cikin 100. In haka ta faru da kayan da ke cikin manyan kantuna, ina ga na bakin hanya?

Kira ga iyaye da masu horarwa

Yaro yana jin maganar ubangidansa a kokowa fiye da ta kowa. Don haka muna kira ga tsofaffin ƴan kokowa da masu horarwa da sarakunan samari: kada ku miƙa wa yaro ƙwayar da ba ku san abin da ke cikinta ba. Yaron da bai kai shekara 18 ba kada ya sha komai sai da izinin likita. Ba a fafe gora ranar tafiya: wata 2 ko 3 kafin gasa, ku kai yaranku a auna jininsu, a duba masu tsutsa da tsargiya, domin jini ba ya dawowa cikin mako ɗaya.

Masu hali da suke son taimaka wa ɗan kokowar garinsu, buhun gero da tiyar wake da akuya mai tatsa sun fi kwalin ƙwaya. Iyaye mata kuma, ku ne masu riƙe da ludayi. Tuwo da miyar ganye, wake, fura da nono mai kyau da ɗan lemun tsami su ne tushen ƙarfin ɗanku.

Kai kuma ɗan kokowa, in ka je asibiti kada ka ji kunya. Ka ce: « Malam, ni ɗan kokowa ne, ina saurin gajiya, ina so a auna jinina. » In akwai abin da kake sha, ka tafi da kwalinsa ka nuna. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi don tattaunawa a ajin yaƙi da jahilci

1. Waɗanne abubuwa 3 ne suke kawo ƙarancin jini a garinku?
2. Wane abinci mai sinadarin ƙarfe ake samu a kasuwarku a wannan wata?
3. Me ya sa ba a son shan shayi da zarar an gama cin abinci?
4. Kowa ya zo da kwalin magani ɗaya daga gida. Ku nemi suna da awo da ranar lalacewa, ku rubuta su a allo.

Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.